Lambatun siminti da muke shirin ginawa zai ƙarasa kashe ƙoramar unguwarmu ne?

Mazaunin Kumbotso ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wani al'amari da ya raba kan kwamitin unguwarmu gida biyu, ni kaina kuma har yau ban tsayar da ra'ayi ba. Unguwarmu tana bayan garin Kano ta kudu, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, irin unguwannin nan na awon igiya waɗanda duk gonakin gero da gyaɗa ne shekara 20 da suka wuce. A gefenta akwai wata ƙorama da take gangarawa har ta faɗa kogin Challawa. Lokacin da mahaifina ya sayi fili a nan ina yaro, ƙoramar takan riƙe ruwa a gurabenta masu zurfi har sanyi ya fita, 'yan lambu suna ban ruwan latas da albasa da ita, mu kuma muna kama karfasa da tarwaɗa da fatsa bayan an taso daga makarantar allo. Da damina kukan kwaɗi kan hana baƙo barci, kuma wanda sallah ta riska a lambu da ruwanta yake alwala ba tare da wani shakku ba.

Shekara 5 ke nan da unguwar da ke samanmu ta samu kwalta da lambatun siminti, aka juyo bakinsa cikin ƙoramar. Tun daga lokacin na lura da abubuwan da ban san su da ita ba. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, kafin rabin awa ta cika ta batse, ruwan jajawur kamar an dama jar ƙasa, washegari kuma ta janye kamar ba a yi ba. Gaɓarta ta zaizaye har ta fi tsayin mutum a wasu wurare, wata bishiyar mangwaro da muka taso muka tarar ma ta kife ciki bara. Kafin ƙarshen Nuwamba takan ƙafe, sai ɗan ruwa a 'yan gurabe. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayan ruwan fari na bana mun wayi gari mun tarar da ƙananan karfasa sun taso sama ciki a bubbuɗe, ga wari, ga wani maiƙo yana sheƙi a kan ruwan.

Mu kuma tamu matsalar ba ƙarama ba ce. Duk watan Agusta ruwa yana shiga gidaje, katangu biyu sun faɗi a layinmu, kuma akwai daren da mota ta kasa shigowa ta ɗauki mace mai naƙuda sai da aka tallabe ta zuwa bakin titi. Saboda haka kwamiti ya tara kuɗi gida-gida, an tsara a gina lambatu biyu na siminti da za su miƙe kai tsaye zuwa ƙoramar. A ƙasan unguwar akwai wani tsohon kududdufi da aka haƙa garin ɗibar ƙasar gini, an kawo shawarar a cike shi a yanka filaye a sayar domin a cika kuɗin aikin. Wani dattijo ɗan lambu ne kaɗai ya miƙe ya ce idan aka yi haka an gama da ƙoramar, rijiyoyinmu ma za su bi ta, amma mutane suka ɗauka yana kare lambunsa ne kawai.

Tambayata ita ce: da gaske lambatun makwabtanmu ne ya jawo wa ƙoramar wannan hali, ko kuwa sauyin yanayi ne kamar yadda wasu ke faɗa? Idan lambatun ne, akwai hanyar da za mu raba gidajenmu da ruwa ba tare da mun ƙara mata wata cutar ba?

Injiniyan Ruwa ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Dattijon nan naku ya faɗi abin da mu muka zauna a aji kafin mu gane, kuma ina ganin kwamitinku ya kamata ya sake sauraronsa. Sauyin yanayi yana iya ƙara ƙarfin ruwan da ke sauka, amma ba zai bayyana dalilin da ya sa ƙoramarku ta sauya hali daidai shekarar da aka juyo mata lambatu ba. Bari mu yi lissafi da abin da kowa ya sani.

Ruwan sama na milimita 1 da ya sauka a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Fili mai ƙafa 50 da 100 ya kai kimanin murabba'in mita 465. Idan aka yi ruwa na milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a Kano cikin Agusta, ruwan da ya sauka a wannan fili ɗaya ya kusan lita 14,000, wato duro 70 na lita 200. Lokacin da filin yake gona mai rairayi, ƙasa ce ke shanye mafi yawansa, abin da ke malala bai wuce ɗaya ko biyu cikin goma ba, shi ma a hankali yake bi ta cikin kunya da ciyawa. Yanzu da aka rufa kwano, aka daɓe tsakar gida da siminti har bakin ƙofa, takwas ko tara cikin goma ne ke fitowa ta indararo da wuriya cikin 'yan mintoci. Ninka wannan da gida 500, ka haɗa da na titi, za ka ga miliyoyin litoci ne ake watsa wa ƙoramar da ta saba karɓar ruwanta kaɗan-kaɗan. Lambatun siminti kuma cikinsa sulɓi ne, ba ya rage wa ruwa gudu ko kaɗan, aikinsa kawai ya tattara na kowane layi ya kai su wuri ɗaya a lokaci ɗaya. Wannan ƙarfin ne yake cin gaɓa yana ƙwaƙule gindin bishiya.

Ƙafewar da kake gani a Nuwamba ma daga nan take. Ruwan da ƙorama ke riƙewa da rani ba daga sama yake zuwa ba, ruwan damina ne da ya nutse a gonakin da ke kewaye da ita, yake tsattsafowa ta ƙarƙashin ƙasa wata da watanni. Duk abin da aka kora da gudu a Agusta, shi ne ake rasawa a Janairu, a ƙorama da kuma a rijiya. Ga burtsatse da kowane gida ke haƙawa yana zuƙar ɗan abin da ya rage.

Maganar kududdufi ita ce ta fi damuna a cikin bayaninka. Tsohon birnin Kano da kududdufai ya rayu. Ramukan da aka bari bayan ɗibar ƙasar tubali da ta ganuwa su ne suke karɓar ruwan unguwanni su riƙe shi, laka ta kwanta, sauran ya nutse ya ciyar da rijiyoyi. Ba wanda ya kira su da sunan aikin injiniya, amma aikin da suke yi ke nan. Da aka bi su ana cikewa da shara ana gini a kai, ruwan bai fasa zuwa ba, sai ya koma kan tituna da cikin ɗakuna. Ka dubi kuma ƙoramar Jakara, wadda tarihi ya nuna dausayi ce a tsakiyar birni, har Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824 ya bayyana yadda ta raba garin biyu. Yau an zagaye ta da kankare, an rufe wani ɓangarenta an shimfiɗa titi a kai, tana kwasar ruwan kwatamin birni ta haɗu da ƙoramar Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, duka su zube a dam ɗin Wasai, inda masunta ke kamun kifin da ake dawo mana da shi kasuwa. Ta kudu kuma ƙoramar Salanta na kai ruwan masana'antun Sharaɗa cikin Challawa, Challawa ta haɗu da kogin Kano a wajen Tamburawa, daga nan sai Wudil, sai Haɗeja. Ƙoramarku reshe ce a wannan jiki, abin da kuka zuba mata ba a Kumbotso zai tsaya ba.

Ban ce kada ku yi lambatu ba, domin ba mai hankalin da zai ce a bar ruwa a ɗakin mutane. Abin da nake cewa shi ne kada bakinsa ya faɗa ƙoramar kai tsaye. Ku juya shi cikin kududdufin, ku yashe kududdufin ku faɗaɗa shi, ku yi masa mafita ta ƙaramin bututu a ƙasa domin ya riƙa sakin ruwan a hankali, da wata mafitar mai faɗi a sama da aka jera wa duwatsu saboda ranar da ruwa ya fi ƙarfinsa. Kuɗin filayen da za ku samu idan kuka cike shi ba zai kai asarar da masu sayen filayen za su yi ba, tunda wurin da ruwa ya saba kwanciya ba ya mantawa da shi.

Malamar Kimiyyar Halittu, Samaru, ta amsa:

Injiniya ya yi bayanin yawan ruwan da gudunsa, ni kuma zan tsaya a kan kifin da Malam ya gani sun mutu bayan ruwan fari, domin ruwa ba ya tsami banza.

A ƙasarmu rani yakan kai wata 7 ba ɗigon ruwa. Duk tsawon wannan lokaci abubuwa suna taruwa a kan titi da cikin lambatu: baƙin man da bakanike ya zubar, ruwan sabulun masu wankin mota, kashin awaki da na kaji, jini da tumbin mayanka, tokar bola, ruwan wanke-wanke, da abin da wasu gidaje ke sako wa lambatu daga masai idan dare ya yi. Ruwan fari shi ke wanke wannan tarin gaba ɗaya cikin awa guda, ya kai shi gurbin da ɗan ruwan cikinsa ya riga ya ragu ya yi ɗumi. Ƙwayoyin bakteriya sai su hau cin ƙazantar, kuma a wajen cin nata suna zuƙe iskar oksijin da ke narke cikin ruwan, wadda da ita kifi ke numfashi. Iskar dama ba yawa gare ta ba. Ruwa mai zafin digiri 20 abin da zai iya riƙewa kimanin miligiram 9 ne a lita, a digiri 30 kuma kimanin 7 da rabi, kuma yawancin kifaye sukan fara galabaita idan ta sauko ƙasa da 3. Ruwan da ya bi ta kan kwano da kwaltar da rana ta gasa a watan Mayu da zafinsa yake isowa. Da dare kuma gansakukar cikin ruwa takan daina samar da iskar ta koma sha, shi ya sa mutuwar ta fi aukuwa da asuba, kuma duk wanda ya je bakin gurbin a wannan lokaci zai ga kifin sun taso suna haƙi a saman ruwa.

Ka lura karfasa ka ambata, ba tarwaɗa ba. Tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, don haka takan jure ruwan da ya kashe sauran. Wannan juriyar tata tana ruɗar mutane, sai a ce ai ruwan lafiya lau yake tunda har yanzu ana kama tarwaɗa. Gaskiyar ita ce idan ƙorama ta koma ba a samun komai sai tarwaɗa da jajayen tsutsotsin nan na cikin baƙar laka, ta riga ta yi nisa a ciwo. Ƙorama mai lafiya idan ka ɗaga dutse daga cikinta za ka tarar da ƙananan halittu iri-iri maƙale a ƙarƙashinsa, 'ya'yan mazari da kaguwa da ƙwarin da ƙananan kifi ke ci. Da su muke auna lafiyar ruwa tare da ɗalibaina, domin kwalbar gwaji tana faɗa maka halin ruwa na ranar da ka ɗiba ne kawai, su kuwa halittun suna faɗa maka abin da ya wuce ta kansu cikin watanni.

Jan ruwan da ka gani shi ma kisa yake yi, ko da babu guba a cikinsa. Namijin karfasa yakan share wani ɗan rami zagayayye a rairayin da ba zurfi, a nan macen ke zuba ƙwai. Idan laka ta rufe rairayin, ba wurin sheƙa. Lakar tana toshe wa kifi matacin numfashi, tana tare hasken da tsirran cikin ruwa ke buƙata, tana cike guraben da ruwa ke fakewa da rani. Tarwaɗa kuma takan jira ruwa ya hau kan ciyawar gaɓa sannan ta zuba ƙwanta ya manne a jikin ciyawar. A da ruwan yakan zauna kwanaki a wurin har ƙwan ya ƙyanƙyashe 'ya'yan su yi ƙwari, yanzu kuwa ya hau da dare ya sauka da hantsi, ƙwan ya bushe a rana. Gaiwa da ke binne kanta cikin taɓon fadama ta jira damina, ita ranar da aka zuba harsashin gini a fadamar ne labarinta ya ƙare. A nan Zariya muna ganin irin wannan a Kubanni, inda rafin da ke ratsa garin Samaru yake kai yashi da leda cikin dam ɗin da jami'a ke shan ruwa daga gare shi.

Binciken da aka yi a rafuka masu yawa a Amurka ya nuna lalacewar takan fara bayyana tun lokacin da kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasar da ke zuba ruwa cikin rafi ta rufu da rufi da kwalta, wato tun unguwa ba ta cika ba. A yankin birnin Siyatil na Amurka an yi shekaru ana ganin wani nau'in kifin salmon yana mutuwa a rafukan gari cikin awoyi kaɗan bayan ruwan sama, sai a 2020 masu bincike suka gano wani sinadari ne da ke fitowa daga gogewar tayar mota a kan titi. Abin da ya sa na kawo labarin shi ne, tun kafin a gano sinadarin an riga an gwada tace ruwan titin ta cikin cakuɗen yashi da takin gargajiya, kifin da aka saka a tataccen ruwan kuma suka rayu. Ƙasa da saiwar ciyawa suna aikin da siminti ba zai taɓa yi ba, don haka duk tazarar ƙasa da za ku iya bar wa ruwan ya bi kafin ya isa ƙoramar, riba ce.

Jami'in Lafiyar Muhalli ya amsa:

Ina girmama bayanin Injiniya da na Malama, amma dole in ja hankali a kan ɓangaren da nake gani a wurin aikina kullum. Kududdufan da ake yabo ɗin nan ba dukkan tarihinsu ne mai daɗi ba. Mun tsamo gawar yara daga cikinsu. Ruwan da ke kwance shi ne gidan sauro, kuma shi ne gidan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya, duk unguwar da yara ke wanka a kududdufi za ka samu masu fitsarin jini a cikinsu. Idan mutanen unguwa suka ce a cike rami, ba koyaushe kwaɗayin fili ne ke magana ba, wani lokaci uwa ce da ta binne ɗanta.

Abu na biyu shi ne batun barin ruwa ya nutse. A unguwar awon igiya kusan kowane gida da masai na rami ko sokawe, rijiya kuma sau da yawa ba ta fi taku goma daga gare shi ba, alhali shawarar da muke bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 idan da hali. Idan aka koya wa kowa ya haƙa rami a tsakar gidansa ya riƙa tura ruwan sama ciki, ba tare da an duba inda masai yake ba, ina tsoron ruwan ya tura ƙazantar cikin rijiya, mu ceci karfasa mu jawo wa mutane amai da gudawa. Ina son Injiniya ya faɗa mana yadda za a kauce wa waɗannan biyun, domin in har ba amsa, ni ina tare da masu cewa a kori ruwan ya bar unguwa.

Injiniyan Ruwa ya sake amsawa:

Yallaɓai, gyaranka a kan hanya yake, kuma da ban yi gaggawa ba da na faɗe shi tun farko. Abin da nake nufi ba kududdufin da ke riƙe koren ruwa shekara ba ne. Tafkin tsare ruwa ana gina shi ne ya cika lokacin da ake ruwa, ya tsiyaye cikin kwana 2 zuwa 3, sauran lokacin a bushe yake da ciyawa a cikinsa. Sauro yana buƙatar kusan mako guda ko fiye kafin ƙwansa ya zama mai tashi, katantanwa kuma ba ta zama a wurin da ke bushewa duk bayan kwana uku. Girman bututun mafitar shi ke tsayar da wannan lokaci, don haka dole wanda ya san aikin ya auna shi, kuma dole a samu mai duba shi bayan kowane ruwa kada leda ta toshe shi. Gaɓar tafkin a kwantar da ita yadda ko yaro zai iya takowa ya fito, kada a bar ta a tsaye kamar ramin ɗibar ƙasa, a kuma kewaye shi. Ka kuma san, fiye da ni, cewa lambatun siminti da shara ta toshe yana ƙyanƙyasar sauro rani da damina, tunda ruwan wanke-wanke ba ya yankewa a cikinsa kuma ba inda zai nutse.

A kan rijiya kuwa na yarda da kai ba ja. Ruwan rufi kaɗai ya dace a nutsar a cikin gida, shi ma nesa da masai da harsashin gini, gidan da ba shi da wannan sarari kuma ya tara na indararonsa a tanki ko duro mai murfi, ya bar wani yanki na tsakar gida ba daɓe ya dasa bishiya. Ruwan titi da na gareji ba a tura shi rami mai zurfi, ta saman ƙasa mai ciyawa ake bi da shi. Kafin ya shiga tafkin a yi masa ɗan ƙaramin gurbi mai raga wanda zai tare yashi da leda, a riƙa yashe shi kafin damina da tsakiyarta. Sannan tsakanin tafkin da ƙoramar a bar zirin ƙasa ba gini, a dasa jema da gamba, domin saiwar jema tana nutsawa ƙasa sosai tana riƙe gaɓa. Amma duk wannan ba zai yi amfani ba muddin akwai gidan da ke sako masai cikin lambatu, kuma hana wannan aikinku ne da mai unguwa da limamai, tunda hanin yin bahaya a mashayar mutane ba sabon abu ba ne a wurin Musulmi.

Ɗan Tawa mazaunin Yamai ya amsa:

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Kano. Na karanta muhawarar nan sai na ga kamar garinmu ake faɗa. A Yamai akwai kwarin Gunti Yena da ya ratsa tsakiyar gari, yana kwasar ruwan kanibo, abin da ku kuke kira lambatu, yana zubawa cikin kogin Kwara, kuma masu lambu suna ban ruwa da shi a hanya. Ƙoramun da ke kewaye da gari kuma kowace damina sai sun turo tudun yashi cikin kogin, har masunta da masu jirgi suna kukan wuraren da suka saba wucewa sun cike. Cikar kogi ta lokacin damina, wadda ake kira jar cika saboda launin ƙasar da ruwan ke ɗaukowa daga rassa irin su Sirba, ita ce ta kai kusan mita 7 a Satumban 2020 ta cinye unguwanni. Masu bincike sun daɗe da lura cewa a yankinmu ruwan da ke malala ya ƙaru ko a shekarun da ruwan sama ya ragu, saboda an sare itatuwa ƙasa ta yi ɓawo ba ta sha. Ƙasar da ta yi ɓawo da tsakar gidan da aka daɓe duk abu ɗaya suke yi wa kogi.

Abin da nake son ƙarawa shi ne dabarar da Injiniya ke bayani ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A jihar Tawa manoma sun farfaɗo da fako da tassa da rabin wata, wato ƙananan ramuka da kunya mai lanƙwasa da ake yi a kan gangare domin ruwa ya tsaya ya nutse a inda ya sauka, kuma a Keita tun daga 1984 aka yi ta jera duwatsu a kwaruruka don rage wa ruwa gudu. Na ga ƙauyukan da rijiyoyinsu suka ƙara ruwa bayan wannan aiki. Idan Malam zai yi wa kwamitinsa bayani, ya fara da wannan misali, domin mafi yawan mazauna sababbin unguwanni 'ya'yan manoma ne, sun san bambancin gonar da ta sha ruwa da wadda ruwa ya bi ta kanta ya wuce.

Mazaunin Kumbotso ya sake rubutawa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na je ƙoramar tare da dattijon da na ambata, muka ɗaga duwatsu kamar yadda Malama ta ce. A saman inda lambatun makwabtanmu ke zuba mun samu ƙananan halittu a ƙarƙashin kusan kowane dutse, har da kaguwa guda. A ƙasansa kuwa sai baƙar laka mai wari da jajayen tsutsotsi, tazarar wuraren biyu kuma ba ta kai tafiyar minti biyar ba. Baba ya daɗe a tsaye bai ce komai ba, sannan ya nuna mini inda gurbin da ya fi kowane zurfi yake a da, wanda yanzu yashi ne har bakin gaɓa.

Na auna kududdufin da taku, tsawonsa kusan taku 70, faɗinsa kusan 40, zurfinsa a tsakiya ya ɗan fi tsayina. Gidajen da ruwansu ke gangarowa ta wajensa sun kai 300, kuma akwai gareji ɗaya da wurin wankin mota biyu a kan hanyar. Kwamiti zai zauna ranar Asabar bayan sallar isha'i, kuma na san tambayar farko da za a yi mini ita ce inda za a samo cikon kuɗin idan ba a sayar da filayen ba. Tunanina shi ne mu gina lambatu ɗaya bana maimakon biyu, ragowar kuɗin a yashe kududdufin a yi masa mafita da shinge. Injiniya, da wannan girman da na faɗa, kana ganin zai iya ɗaukar ruwan gida 300, ko sai mun faɗaɗa shi? Yallaɓai jami'in lafiya kuma, akwai gidaje huɗu da rijiyoyinsu ke kusa da bakinsa ta gabas, ina son sanin gwajin da ya kamata a yi wa ruwansu kafin a fara aikin, domin mu samu abin da za mu kwatanta da shi bayan damina.